Nazarin lamari: matar da wanki ya fi lambu ɓata wa hannu

Da ta zauna, kafin ta ce uffan, sai ta shimfiɗa hannayenta biyu a kan teburi, ta nuna mini tafi, sannan ta kife su. Mace ce mai shekara 58, ta yi ritaya daga aikin ofis, kuma wata biyar ke nan da ta mayar da filin bayan gidanta lambu: tumatir, ganyaye, bishiyar lemun tsami guda ɗaya, da furannin wardi a jikin katanga. Ni ce ma'aikaciyar jinyar da ta fara ganinta ran nan, ni kuma na riƙa bibiyarta har mako 12.

"'Yata, ƙasar nan ce ba ta karɓe ni ba," in ji ta. "Ki faɗa mini gaskiya, in bari zan yi, in bari."

Yatsa ɗaya ne ya kawo ta asibiti. Na tsakiya a hannun dama ya kumbura a gefen farce, kwana huɗu yana zogi, daren jiya ma bai bar ta ta runtsa ba. Amma wanda ya dubi hannayen nan ya san yatsan ƙarshen labari ne, an daɗe da soma shi.

Abin da hannun ya nuna

Abu uku ne daban-daban, ita kuwa ta haɗa su ta kira su ciwo ɗaya.

Akwai kaushi. Tun daga kan yatsu har wuyan hannu fatar ta bushe ta yi furu-furu kamar an barbaɗa mata toka. A kan babban yatsa da manuni na ƙirga tsaga biyar, biyu sun yi zurfin da in ta lanƙwasa sai jini ya tsattsafo. Tsakankanin yatsu ya yi duhu ya yi kauri, ƙarƙashin zobenta kuma fatar ta saɓule. Littattafan koyarwa sukan ce a nemi ja a fatar da ta fusata, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi toka-toka, shi ya sa ake yawan raina irin wannan ciwo har ya yi nisa.

Akwai yatsan da ya kumbura. Gefen farcen ya yi tauri, yana sheƙi, da ɗan fari a tsakiya inda mugunya ta taru. Ba ta da zazzaɓi, babu jan layi da ya hau hannu, babu kaluluwa a hammata, kuma tana iya lanƙwasa yatsan. Waɗannan huɗu su muke fara dubawa, domin su ke raba ciwon da ya tsaya a bakin farce da wanda ya fara nutsawa ciki.

Sai kuma wasu zane-zane masu duhu a bayan hannun hagu zuwa wuyan hannu, kamar sawun ruwan da ya gangara ya bushe. Ba sa ƙaiƙayi. Ta ce mako uku baya wurin ya yi raɗaɗi kamar ƙuna, har da ƙananan bororo biyu, ta ɗauka wani ƙwaro ne ya bi ta kai.

Tambayar da ta buɗe maganar

Na tambaye ta irin takin da take zubawa, da maganin feshi, da tsiran da take taɓawa. Babu wani abin mamaki. Sai na ce, "Mama, in kin taso daga lambu, me kike yi wa hannun? Ki bi da ni tun daga farko, kada ki tsallake komai."

Nan fuskarta ta washe, domin a wannan fanni ta tabbata ba ta da laifi. Takan fara da omo, saboda a ganinta sabulun wanka ba ya fitar da ƙasa. Ta zuba shi a tafi, ta dirje da burushin wanki a cikin ruwa mai zafi gwargwadon yadda za ta iya jurewa. Datti na ƙarƙashin farce da allura take tono shi. Siririyar fatar gindin farce kuwa, da ta ga tana riƙe baƙi, sai ta riƙa yanke ta da reza. Ranar da ta yi gyaran tumatir, yatsunta kan yi wani kore-kore mai komawa baƙi, shi kuma sai ta yanka lemun tsami ta goge, wani lokaci a tsakiyar aiki, ta koma rana ta ci gaba. In ta taɓa taki, takan tsoma hannun a ruwan da ta ɗiga wa bilic. A ƙarshe ta shafa sanitaiza. Da muka ƙirga tare, takan wanke hannu sau 12 zuwa 15 a yini. Mai kuwa ba ta shafawa sai da dare, shi ma ruwa-ruwa ne mai turare, ta ce yana yi mata zafi a tsagun, don haka ta rage.

Ƙayar wardi ta soke ta a gefen farcen nan kwana shida kafin zuwanta. Ta matse, ta goga sifirit, ta koma cire ciyawa da hannu tsirara.

Abin da ke faruwa a fatar

Saman fatar mutum gini ne kamar na bulo da siminti. Matattun ƙwayoyin fata su ne bulon, wani maiƙo da jiki ke yi shi ne simintin da ya haɗa su. Shi ke hana ruwan jiki tsiyayewa waje, shi ke hana na waje shigowa. Ƙasa, musamman yumɓu da busasshiyar ƙura, tana tsotse wannan maiƙo, tana kuma goge fata kamar sanfefa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne rabon lambu a laifin. Fata mai lafiya tana iya mayar da abin da ta rasa in an ba ta sarari.

Matar nan ba ta ba ta sararin ba. A ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin abu, inda 7 ke tsaka-tsaki, lafiyayyar fata tana wajen 5, wato tana da ɗan tsami, kuma a haka take aikin gyaran kanta. Sabulun sanda na yau da kullum yakan kai 9 zuwa 10. Omo yakan kai 10 ko fiye, domin an yi shi ne ya narkar da maiƙon da ya kama tufa, kuma bai san bambancin maiƙon riga da na hannu ba. Bilic ya fi su duka. Kowane mataki ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ne, ba ƙari ɗaya ba. Ruwan zafi yana taimaka wa sabulu kwashe maiƙo, alhali zafin da hannu ke iya jurewa bai kai na kashe ƙwayar cuta ba. Burushi ya zo ya kankare abin da ya rage.

Daga nan sai abu ya zama zagaye. Fatar da ta yi kaushi ta fi riƙe datti, domin ƙasa na shiga kowace 'yar tsaga ta zauna. Ta ga baƙi ya ƙi fita, ta ƙara dirza, tsagar ta ƙara buɗewa, gobe baƙin ya fi na yau. Garin neman gira ta kusa rasa ido.

Sanitaiza ma ba wurinsa ba ne. Yana aiki in sinadarin alkohol ɗinsa ya kai kashi 60 cikin 100, a kan hannun da ba ya da datti a fili. Ba ya ratsa laka, ba ya cire maganin feshi, ba ya kashe ƙwayoyin da ke kwance cikin ƙasa a rufe da ɓawo. A hannunta, bayan duk wancan wankin, raɗaɗi kawai yake ƙarawa.

Yatsan kuwa, siririyar fatar da take yankewa ita ce murfin da ya like tsakanin farce da tsoka. Ta cire murfin, ta raba farce da naman ƙarƙashinsa da allura, sannan ƙaya ta zo ta sami ƙofa a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zanen bayan hannun shi ya fi ba ta mamaki. Lemun tsami, da ɓaure, da seleri, da wasu danginsu suna ɗauke da sinadaran da ake kira furokumarin. Su kaɗai ba sa ƙuna. Amma in suna kan fata hasken rana ya same su, sai wurin ya ƙone, raɗaɗi da bororo su fito bayan kwana ɗaya zuwa uku, sannan su bar tabo mai duhu da kan yi watanni. Siffar tabon ita ke tona asirinsa: yana bin sawun da ruwan ya gangara. Da na nuna mata yadda layin ya taso daga tsakanin yatsu ya sauka wuyan hannu, daidai yadda ruwan lemo zai bi in an ɗaga hannu, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ikon Allah. Ashe ni na zana shi."

Abin da aka yi ran nan

Likita ya ɗaga gefen fatar farcen, mugunyar ta fita, zogin ya sauka kusan nan take. Ya rubuta mata maganin kashe bakteriya na 'yan kwanaki, ya ce ta riƙa jiƙa yatsan a ruwan ɗumi na minti 15, sau uku zuwa huɗu a yini. An auna sukarin jininta, domin ciwon yatsa a mai shekarunta yana iya zama alamar farko ta ciwon sukari. Lafiya lau ya fito.

Sai maganar tetanus, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Mutane na danganta ta da tsatsa, amma tsatsa ba ta haifar da ita. Ƙwayar Clostridium tetani a ƙasa take zaune da cikin kashin dabbobi, tana iya kwanciya shekaru, kuma ta fi son rauni siriri mai zurfi inda iska ba ta shiga, wato irin na ƙaya ko ƙusa. Alamunta kan fito tsakanin kwana 3 zuwa 21. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da dama ita ce babba ya sabunta allurar duk shekara 10, in kuma rauni mai datti ne kuma an wuce shekara 5 da ta ƙarshe, a yi masa nan take. Matar nan ta sha allurar a lokutan goyon ciki, amma ta ƙarshe ta haura shekara 20. An yi mata kafin ta fita. A ganina, duk wanda zai fara lambu, wannan allura ta riga fartanya.

Likitan ya ja mata kunne a kan wani abu guda da ƙayar wardi ta yi suna da shi. Akwai wani fangas, dangin fumfuna, mai suna Sporothrix schenckii, da ke rayuwa a ƙasa da ruɓaɓɓen itace da jikin tsirai. Benjamin Schenck ne ya fara bayyana cutarsa a 1898 a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, kuma a farkon shekarun 1940 ta kama ma'aikata kusan 3,000 a ramukan haƙar zinariya na Afirka ta Kudu, ta hanyar katakon da aka tokare ramukan da shi. Ba ta zuwa da gaggawa kamar ciwon yatsan nan. Bayan mako 1 zuwa 12 sai wani ƙullutu mara zafi ya fito a wurin sukar, ya fashe ya ƙi warkewa, wasu su biyo shi a jere suna hawa hannu. Maganin bakteriya ba ya taɓa ta, nata maganin daban ne kuma ana shan sa wata uku zuwa shida. Ba ta da ita, amma an ce in ta ga irin haka ta dawo, ta kuma ambaci ƙayar da bakinta, domin likitan da bai ji labarin lambu ba zai iya daɗewa yana lalube.

Don kaushin, an ba ta man shafawa mai sitiroyid, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayi, na mako biyu kacal.

Sabon tsarin wanki

Nan ne aikina, kuma nan muka fi daɗewa. Ban ce ta rage tsabta ba, da na faɗi haka da ba ta ƙara saurarona ba. Ce mata na yi za mu sauya kayan aiki.

Kafin ta fita, ta cire zobe, ta shafa basilin kaɗan a bayan hannu da gindin farata, ta kuma karta faratanta a jikin sabulu mai laushi har ya cika ƙarƙashinsu. Inda sabulu ya riga ya zauna ƙasa ba ta samun wuri, in an zo wanki sai ya narke ya fito da abin da ya ɗan shiga. Faratan a yanke su gajeru. Allura da reza su koma inda aka ɗauko su.

In ta taso, ta fara sakar wa hannun ruwan famfo zalla ya kwashe yashi, domin cuɗa sabulu a kan yashi dirza ce. Sannan sabulu mai laushi mara turare, ruwa mai ɗumi-ɗumi, daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da babban yatsa da wuyan hannu. Ta ɗauraye sosai, saboda ragowar sabulun da ke maƙalewa a tsakanin yatsu da ƙarƙashin zobe shi ya ci wuraren nan. Tawul a danna shi, kada a goga. Kuma kafin hannun ya gama bushewa a shafa mai, mai kauri, kowane wanki, ba da dare kaɗai ba.

Baƙin tumatir wani danƙo ne da ke fita daga ƙananan gashin jikin ganye da kara. Mai yana sassauta shi. Ta zuba ɗan man girki a busasshen hannu, ta murza minti ɗaya, ta goge da tsumma, sannan ta wanke. Abin da bai fita yau ba a bar shi, tabo ne kawai, zai tafi da kansa. Wannan ta sha wuyar haɗiye shi.

Da dare, basilin mai yawa, ta cusa shi cikin tsagun, ta sa safar hannu ta auduga ta kwana da ita. Ta yi dariya ta ce ita da ta zo asibiti ai ta ɗauka za a ba ta wani abu mai dogon suna. Na ce mata tun 1872 Robert Chesebrough ya yi rajistar wannan mai da aka sani da Vaseline, kuma har yau da wuya a sami abin da ya fi shi hana fata zubar da ruwanta. Bayan tsagun sun rufe muka ƙara man da ke da yuriya kashi 10 cikin 100 don ya tausasa kaurin. Da a kan buɗaɗɗiyar tsaga aka shafa shi, da ya yi mata zafi ta jefar.

Sabon rauni kuma, komai ƙanƙantarsa, a tsaya da aiki, a cire ƙayar, a sakar masa ruwan famfo na 'yan mintuna, a wanke gefensa da sabulu, a rufe da filasta. Sifirit a cikin rauni yana ƙona naman da zai yi aikin warkewa.

Rigimar safar hannu

"Ni fa ba na jin ƙasa da safa," ta ce. "In ban ji danshinta a yatsana ba, ta yaya zan san ta sha ruwa?"

Ban ga laifinta ba. Masu cewa a sa safa kawai a huta galibi ba su taɓa dasa ɗanyen tsiro mai kauri kamar zare ba. Muka yi ciniki. Har fatar ta warke, babu taɓa ƙasa da hannu tsirara. Bayan nan, siririyar safa mai shafen naitiril, wata irin roba, a tafi don cire ciyawa da juya taki, ta fata mai kauri mai dogon wuya don wardi da duk mai ƙaya, sai ta roba zalla mara shafin yadi a ciki don maganin feshi. Wannan ta ƙarshe babu sassauci a kanta: safar yadi da ta fata suna shanye maganin su riƙe shi a jikin hannu, ya fi a ce ba a sa komai ba muni. Dashe da gwada danshi kuwa, in babu rauni, na bar mata yatsunta.

A nan ne ta ambaci surukarta mai juna biyu da kan taya ta tsinkar ganye, da kuma magen maƙwabta da suka mayar da kwamin lambun makewayi. Kashin mage na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Toxoplasma gondii, wadda ke daɗewa watanni a ƙasa mai danshi kuma tana iya cutar da ɗan tayi. Ta hanyar baki take shiga, daga hannun da ba a wanke ba ko ganyen da ba a ɗauraye ba. Na ce surukar ta sa safa ko ta bar aikin ƙasa har ta sauka.

Komawa baya a mako na uku

A mako na biyu tsaga uku sun rufe, yatsan ya sace. A na uku ta dawo ranta a ɓace. Gefen yatsunta ya feso da ƙananan ƙuraje masu ruwa, masu ƙaiƙayi, tafin ya yi fari ya yi yaushi kamar na wadda ta wuni a wanki. Da na bincika, ashe ta ga safar roba ta fi hana datti shiga, sai ta mayar da ita ta kowane aiki, awa biyu a rana ba cirewa. Gumi ya taru, fatar da ke farfaɗowa ta jiƙe ta sake rauni.

Likita ya yi tunanin ko jikinta ne ba ya shiri da robar, domin akwai masu alajin ɗanyen robar kanta, wato latex, da masu alajin sinadaran da ake sarrafa roba da su. Akwai gwajin da ake liƙa sinadarai a gadon baya a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Muka ce a fara gwada abu mai sauƙi: ta sa siririyar safar auduga a ciki, ta cire ta sha iska duk bayan kamar minti 20, ta kuma juya safar ta shanya bayan aiki. Cikin kwana goma ƙurajen suka bushe, ba su dawo ba, gwajin bai zama dole ba. Laifina ne a wani ɓangare, na faɗa mata wace safa ce ta wane aiki, ban faɗa mata tsawon lokacin da za ta bar ta a hannu ba.

Mako na 12

Saman fata kan ɗauki kusan mako huɗu kafin ya sabunta, amma ƙarfinsa na jure sabulu yakan fi haka daɗewa kafin ya dawo, shi ya sa na hana ta sakin jiki da ta ga hannun ya yi sumul a mako na shida. A zuwanta na ƙarshe kaushin ya tafi, sai tsaga ɗaya ƙarama da ta sake buɗewa a babban yatsa bayan wani mako na sanyi da busasshiyar iska da ta yi dashe ba safa. Ta riga ta cika ta da basilin ta rufe da filasta kafin ta zo. Wankinta ya sauko zuwa sau bakwai ko takwas a yini. Babu ƙullutu a wurin ƙayar. Zanen lemun tsamin ya dusashe amma ana ganinsa.

Abin da ya rage yana damunta wani ɗan kwari ne da ya gitta farcen yatsan da ya yi ciwo, alamar lokacin da kumburi ya tsayar da tsirowarsa.

"Wannan fa, 'yata, haka zai zauna?"

Na ɗauko abin awo na gwada. Farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 a wata, kwarin kuma ya kai tsakiya. Na ce mata nan da wata biyu zuwa uku zai iso baki ta yanke shi, na rubuta mata ranar da za ta sake allurar tetanus a bayan katinta.